SHEKARAR DA NA YI A AZARE: ALJIHU BABU KWABO, BAKI CIKE DA DARIYA

Jama'a masu karatu, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su gaya mana cewa wani lokaci sai mutum ya ɓace hanya kafin mabuɗin ya shiga hannunsa ba. Kwanan baya wata hidimar biki ta kai ni Azare, bayan kusan shekara 40 rabona da garin. Tun daga gadar Jama'are na fara leƙe ta tagar mota kamar baƙauyen da ya shiga birni, domin hanyar da na sani siririya an mai da ita tagwaye, gonakin da na sani a bakin gari kuwa duk gidaje sun cinye su. Da na sauka na taka yashin garin, sai zuciyata ta koma can shekarar karatu ta 1983 zuwa 1984, watau shekarar da na fara aikin koyarwa, wadda ban taɓa shan wuya irin tata ba, ban kuma taɓa yin dariya irin wadda na yi a cikinta ba. Labarin wannan shekara nake so in ba ku, ko Allah zai sa wani malami da ke shirin jefar da alli ya ɗan dakata ya sake tunani.

KATAGUM BIYU CE, BAN SANI BA

Ni mutumin Katsina ne, a lokacin kuwa Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Da na gama kwalejin horon malamai na sami aiki a Jihar Bauchi, aka ba ni takarda cewa in kai kaina ofishin ilmi na yankin Katagum. Bayan Babbar Salla da mako guda, cikin watan Satumba na 1983, na ɗaure akwatina na ƙarfe da katifa da fitilar ƙwai, na nufi Kano, daga nan na shiga motar gabas. Muka wuce Wudil, muka wuce Kiyawa, muka haye kogi a Jama'are, bayan azahar muka iso tashar Azare.

Ina sauka na ce wa wani ɗan kamasho ya nuna mini motar Katagum. Ya karɓi takardata ya jujjuya, ya ce, "Malam, ai ka iso. Nan ne Katagum ɗin taka." Na dubi allon da ke bakin tasha na ga an rubuta Azare ɓaro-ɓaro. Na ce a raina, lalle wannan ya ga baƙo yana so ya yi mini wayo, bai san Bakatsine ba a yi masa haka ba. Na matsa lamba sai an kai ni Katagum. Ya kaɗa kai ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ya ɗora mini kaya a bayan wata a-kori-kura, tsakanin buhunan gishiri da wata tunkiya da ta yi ta shinshinar katifata har muka wuce Gadau.

Tsakanin Azare da garin Katagum mil 40 ne da 'yan kai, ta wajen arewa. Ana kiran magariba muka shiga gari. Na tambayi inda ofishin ilmi yake, mutane suka dubi juna, wani dattijo da ke alwala a ƙofar zaurensa ya yi dariya har buta ta kusa suɓuce masa. Ya ce, "Ɗana, ofishin da kake nema ka baro shi a baya. Sarki ma da kansa tun ina yaro ya kwashe ya koma Azare. Kowa daga nan yake tafiya can, kai kaɗai ne na ga ka yi kishiyar tafiyar." A ran nan na koyi darasin farko, cewa Azare ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Katagum, kuma nan fadar Sarkin Katagum take, garin Katagum kuwa daban yake. A yau ma abin bai sake ba, domin garin Katagum shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Zaki. Saboda haka duk mai zuwa wannan yanki ya tambaya da kyau, kada girman kai ya kai shi inda ya kai ni.

DARE GUDA A TSOHON BIRNI

Dattijon nan ya ce ba inda za ni, baƙon magariba na mai gida ne. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da ɗanyen kifi na kogin Jama'are, wanda ya bi ta gefen garin. Ina ci yana ba ni tarihi, abin da ya gaya mini kuwa daga baya na same shi a littattafai kusan yadda ya faɗa.

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa wannan masarauta. Ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, babban birnin Barno na wancan zamani, saboda haka ake yi masa laƙabi da Sarkin Barno, an kuma ce daga nan ne sunan Guddiri ya samo asali, watau ƙaramar Barno. A wajen 1814 ya kafa garin Katagum. Bayan shekara 10, a cikin Janairu na 1824, Turawan nan biyu masu yawon bincike, Kyaftin Clapperton da Dokta Oudney, suka iso garin daga Kukawa, zamanin Sarki Ɗankauwa. Sun tarar da birni mai ganuwa biyu da ƙofofi 4, a nan ne kuma suka fara ganin ana ciniki da wuri a tafiyarsu. Shi Dokta Oudney bai kai Kano ba, ciwo ya ci ƙarfinsa ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, ran 12 ga Janairu, 1824. Turawan mulki suka zo a 1903, a 1916 aka mai da fadar sarki Azare, a 1926 kuma aka cire ƙasar daga Lardin Kano aka haɗa ta da Lardin Bauchi.

Da zan kwanta na ce, "Baba, ba ku jin haushi an bar muku suna an tafi da sarauta?" Ya ce, "Ɗana, sun tafi da tambura da hayaniya, sun bar mana kogi da kifi da barci. Kai ka yi lissafi, wa ya ci riba?" Da asuba ya raka ni tasha, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ƙulla mini busasshen kifi a takarda. Da na komo Azare, mutumin farko da na yi ido biyu da shi ɗan kamashon nan ne. Bai ce mini kome ba sai, "Malam, sannu da zuwa Katagum."

HALIN DA NA TARAR

Azare gari ne shimfiɗaɗɗe a kan yashi, babu tudu babu kwari, itatuwan darbejiya sun yi layi a manyan tituna, kuka da tsamiya da gawo kuwa suna warwatse cikin gonaki. Yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga kuma hanyar da ta bi ta Misau zuwa Bauchi, saboda haka dare da rana ba a rasa manyan motoci da baƙi. Hausawa da Fulani da Barebari suna zaune tare, sun yi auratayya har ba a iya rabewa. Aka tura ni wata makarantar sakandare a gefen gari, aka ce in koyar da Hausa da tarihi.

Sai mai karatu ya tuna irin shekarar da muke magana. A Satumba na 1976 aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yaran da suka shiga a lokacin kuwa sun gama a 1982, suka yi ambaliya zuwa sakandare, alhali kuwa ba a tanadi azuzuwa da malaman da za su ishe su ba. Kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, tun 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu. A farkon 1983 aka ba baƙin da ba su da takardu umurnin barin ƙasa, malamai da yawa 'yan Ghana suka tafi, aikinsu ya dawo kan waɗanda suka rage. Ga ciwon bushiya ya faɗa wa shanu a wannan shekara, ga damina ta ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba a gonaki da yawa. Madara da sukari da sabulu suka zama abin nema da fitila.

A ajina akwai yara fiye da 70, benci na mutum uku mutum biyar ke kai, waɗanda suka makara kuma taga ce kujerarsu. Bayan Hausa da tarihi aka ƙara mini labarin ƙasa, aka kuma ba ni kula da ɗakin kwanan yara. Albashi kuwa ya zama kamar watan Salla a ranar hadari, kowa na duban sama, ba wanda ya gan shi. Wata na farko na ce sabon ɗauka ne, sai an shigar da sunana. Wata na biyu na sayar da agogona. A wata na uku na zauna da dare a gaban fitila na rubuta takardar ajiye aiki, na ninke ta na sa cikin aljihun rigata, na ce ranar da aka biya ni, a ranar zan miƙa ta in koma gida. Watau abin da ya tsare ni a Azare da farko, gaskiya, rashin kuɗin mota ne.

MALAM MIKACE

Ban yi mako biyu ba yara suka raɗa mini suna. Mutanen wannan yanki Guddiranci suke yi, ni kuwa Katsinanci ya kama mini harshe. In yaro ya yi magana ban ji ba sai in ce, "Mi ka ce?" Shi ke nan na zama Malam Mikace. Na fara jin sunan ta bayan taga, daga baya ya kai ofishin malamai, daga baya har mai sayar da ƙosai ta ɗauka sunan yanka ne, takan ce, "Malam Mikace, na nawa za a zuba?"

Ni ma ban kyale su ba. Da yawansu ba su damu da bambanta namiji da mace a nahawu ba, sai yaro ya rubuta "rigan Malam" ko "motan Sarki". Jan birona ya ƙare wajen mai da "n" ta koma "r". Ran nan na tsaya na yi musu dogon jawabi a kan daidaitacciyar Hausa, na gama ina haki, sai wani ɗan ƙaramin yaro a gaba ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a daidaitacciyar Hausar, fara ake cewa ko hwara?" Aji ya kece da dariya. Na ɗaure fuska na ɗan lokaci, na ga ba za ta ɗauru ba, na bi su muka yi tare. Daga ran nan muka ƙulla yarjejeniya: duk wanda ya kama ni da Katsinanci a cikin aji an yafe masa shara ta rana ɗaya, duk wanda na kama da "motan Sarki" zai goge allo. Ban taɓa ganin yara sun kasa kunne ga malami kamar yadda suka kasa mini ba, ko da yake kuskurena suke farauta. A cikin farautar kuwa darasin ya shiga.

Kayan aiki ma abin dariya ne. Allo ya koɗe har alli ba ya fitowa, sai muka riƙa tara tsofaffin batiran tocila muna fasawa, mu kwaɓa baƙin cikinsu mu shafe allon da shi. Alli kuwa shugaban makaranta da kansa yake raba shi, sanda biyu a mako, yana ƙirgawa kamar mai raba gado. Malamin lissafi yakan ɓoye nasa cikin hula. Wata rana ya sunkuya gaida wani babban baƙo, hula ta faɗi, guntayen alli suka watse a gaban kowa. Shugaba ya dube shi ya ce, "Malam, ashe kai ne babban bankinmu."

Akwai kuma wata akuya ta maƙwabta, ja mai farin goshi, wadda ba ta taɓa fashin ajina ba. Ranar da sufeto zai zo duba aiki na kwana ina shirya littafin tsarin darasi, na ajiye shi a kan taga na je kiran yara, kafin in dawo ta cinye mako uku na zangon farko. Na kai wa sufeto abin da ya saura da hannu biyu. Ya duba gefen da aka tattauna, ya dube ni, ya ce, "To, aƙalla an sami mai rai ɗaya da ya narkar da darasin nan."

TEBURIN MAI SHAYI

A ofishin malamai akwai Bafulatani mai koyar da aikin gona da Babarbare mai koyar da Larabci. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kullum da safe sai ɗaya ya ce, "Ina bawana, ya zo ya ɗauki jakata?" ɗayan ya ce, "Ka ga yaron gidanmu ya fara rashin kunya." Mu 'yan kallo mu ne da riba. Amma ranar da matar Bafulatanin ta kwanta asibiti, Babarbaren nan ne ya jinginar da kekensa ya biya kuɗin magani, da aka yi masa godiya ya ce wai shi dukiyarsa yake tattali, kada bawansa ya lalace.

Majalisarmu ta gaskiya tana teburin wani mai shayi kusa da tasha. Mutumin kirki ne, yana da wani littafi da ya rubuta wa "Malamai" a bango, a ciki yake rubuta bashinmu. Da sukari ya yi wuya sai ya riƙa nuna wa kofi cokali kawai, mukan ce masa, "Maigida, a ƙara nuna masa sau ɗaya." Yana da rediyo rataye a jikin darbejiya. A nan muke jin labaran duniya, a nan muke sauraron Zaɓi Sonka daga Kaduna. Mun taɓa haɗa kuɗi muka aika kati muna gaida kanmu da kanmu, ranar da aka karanta sunayenmu kuwa mai shayi ya ba kowa rabin burodi kyauta, ya ce tun da an ambaci teburinsa a Kaduna ya zama babban mutum.

Hunturun wannan yanki ba wasa ba ne. Iska takan taso daga gabas da ƙura, rana ta zama kamar faifai, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, ka shiga aji baƙi ka fito fari, ba ka san ƙurar alli ce ko ta Allah ba. Amma a cikin hunturun ne kayan fadama ke shigowa kasuwa: rake da dankali da tumatir da albasa, ga gyaɗa mai gishiri, ga goruba da magarya da yara ke cika aljihu da su. Na koyi cewa dankalin da aka gasa a toka, aka ci da ƙuli-ƙuli a gefen wuta, yana iya sa mutum ya manta yana bin wata uku.

A teburin nan muka ji juyin mulki na ran 31 ga Disamba, 1983, lokacin da soja suka kawar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, Manjo-Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Da aka koma makaranta darasin tarihin da ke gabana shi ne na Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye a tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma addabi ƙasar Katagum da hare-hare, har ya rasu a 1863. Na yi gwaji na tambaya, me Buhari ya yi wa Katagum? Wani yaro ya rubuta: "Har yanzu bai yi mana kome ba, amma bai daɗe da hawa ba, a ƙara masa lokaci." Na rasa makin da zan ba shi. Na kai takardar ofishin malamai, aka yi muhawara, aka yanke cewa a ba shi sifiri a tarihi, a ba shi goma a haƙuri.

A watan Maris na 1984 aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda ake taƙaita sunansa na Turanci da haruffa uku, WAI. Aka liƙa takardu ko'ina. Mai gadinmu ya sa aka karanta masa, ya ce, "To, tun da su da kansu sun ce wai, ashe ba su tabbata ba." Duk da haka kowa ya bi layi, a tasha da banki da bakin rijiya. A ƙarshen Afrilu kuma aka sauya launin takardun naira, aka ba da kwana 12 kacal a canza. A lokacin ne na ga abin da ban taɓa gani ba: masu cin bashi suna bin mai bin bashi da kuɗi a hannu, shi kuwa yana gudu. Duk wanda ke da tsohuwar takarda ya tuna mai shayi yana binsa. Ya rufe littafinsa ya ce, "Malamai, don Allah ku riƙe, ai ni da ku ba ta ɓaci." Na tuna Clapperton da ya ga ana ciniki da wuri a Katagum, na ce da ya dawo a wannan mako da ya tarar ko wurin babu.

YARON DA BENCINSA YA ZAMA WOFI

Kada mai karatu ya zaci duk shekarar wasa ce. Yaron nan da ya tambaye ni fara ko hwara shi ne ya fi kowa ƙwazo a ajin. Bayan hutun zango na biyu bai dawo ba. Na tambayi 'yan garinsu, suka ce bushiya ta kashe shanun ubansa, gona kuma ba ta ba da kome ba, za a tura shi Kano wajen wani ɗan'uwa ya yi dako. A makon ne kuma aka biya mu wani ɓangare na albashinmu. Ga kuɗin mota a hannu, ga takardar ajiye aiki a aljihu, ta yi laushi saboda gumi.

Ran Asabar na ari keken malamin Larabci, wanda ya riga ya fanso, na nufi ƙauyensu ta wajen Madara, cikin zafin bazara, rabin tafiyar tura keken na yi saboda yashi. Na tarar da uban a ƙarƙashin tsamiya, kusa da turakun da babu kome a kansu. Ya sa aka dama mini fura da ruwa, ya ba ni haƙuri cewa babu nono. Na ce, "Baba, na zo biko ne." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ba ƙin karatu nake yi ba. Amma ku da kuka yi karatun, ga shi an ce ko albashi ba a ba ku. In ya bi hanyarku, me zai ci?" Wallahi ban taɓa jin tambayar da ta ɗaure ni kamar wannan ba, domin amsarta tana cikin aljihuna, a rubuce da hannuna.

Na ce masa gaskiya ne muna shan wuya, amma fari yakan kashe gona, bushiya takan kashe garke, abin da ke cikin kai kuwa babu farin da ke taɓa shi. Ina faɗa ina jin kunya, domin na san wanda ya fi bukatar jin wannan magana ni ne. Ya ce in ba shi kwana uku. Da na komo na ba da labari a teburin mai shayi. Ba wanda ya yi dogon jawabi. Malamin lissafi ya cire hularsa, wannan karon da gangan, ya zagaya da ita, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Mai shayi ya ce a bar masa karin kumallon yaron har ƙarshen shekara. Ran Laraba sai ga shi a kan bencinsa. Da na shiga aji na ce, "Wa ya ba ka izinin yin fashi?" Ya miƙe ya yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba, kafin in ankara na ce, "Mi ka ce?" Aji ya ɗauki sowa, aka ce an yafe masa shara.

Takardar ajiye aiki kuwa, ban yage ta don wata jarunta ba. Na manta da ita a aljihu, mai wanki ya haɗa da rigar ya jiƙa, ya kawo mini ita dunƙule kamar ƙwallon fura yana ba ni haƙuri. Na ce masa kada ya damu, ya yi mini aikin da na kasa yi.

RUWAN FARKO DA HAWAN SALLA

Azumin wannan shekara ya faɗo cikin watan Yuni, daidai da jarrabawar ƙarshen shekara. Ga zafi, ga ƙishirwa, ga takardun yara fiye da 200 suna jiran maki. Mukan fito da tabarmi waje mu kwana, mu sha ruwa da kunun tsamiya da ƙosai, maƙwabta kuma ba su taɓa barin gwauron malami ya sha ruwa shi kaɗai ba, kwanuka sukan zo daga gidajen da ban san masu su ba. Wata rana da la'asar muna tsakiyar jarrabawa gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauko. Rufin ajin yana yoyo a wuri bakwai, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Yara suka rufe takardunsu da riguna suna murmushi, ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki, da dare kuma aka yi ta kamun shinge a gindin fitila.

Ranar Salla na tsaya cikin taro a ƙofar fada na kalli hawan Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar, wanda ya hau gadon a 1980 ya kuma riƙe shi har rasuwarsa a 2017. Hakimai suka yi ta wucewa da dawakai da algaita da kakaki, ana jinjina, ƙura ta tashi. Ina cikin kallo na ji an ja mini riga. Uban yaron nan ne, ya shigo gari kallon hawa, ya kawo mini ƙwan zabi a cikin 'yar ƙwarya. Na yi shekara uku ina aiki a Azare, na yi fiye da 30 a aikin koyarwa, an ba ni takardun yabo, amma ban karɓi ladan da ya kai ƙwan nan daraja ba.

AZARE A YAU

Garin da na tarar a wannan zuwa ya girma ƙwarai. Kwalejin horon malamai tana nan, yanzu tana ɗauke da sunan Alhaji Aminu Saleh, ɗan garin da ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin tarayya. Ga babban asibitin tarayya, ga jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya da aka kafa a 2021, Gadau kuma da na wuce a bayan a-kori-kura yanzu akwai jami'ar jiha a cikinta. Teburin mai shayi babu shi, an gina shaguna a wurin, darbejiyar dai tana nan. Na ɗauki mota na koma tsohon garin Katagum, wannan karon da sanina. Dattijon da ya sauke ni ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, na yi addu'a a ƙofar zaurensa, na sayi busasshen kifi na juyo.

Na zauna da wasu matasan malamai, na ji kukansu, na ga bai bambanta da namu ba: yara sun yi yawa, albashi ba ya kai wata, ana ganinsu ba a bakin kome ba. Ba zan ce musu dariya tana biyan kuɗin haya ba, kuma wajibi ne hukuma ta biya malami hakkinsa a kan kari, domin haƙurin malami ba hujja ba ce ta danne shi. Abin da na gaya musu shi ne, kada su ci wuyar su kaɗai. Su nemi majalisarsu, su bar yara su yi musu dariya wani lokaci, su kuma lura da bencin da ya zama wofi.

A wajen bikin da ya kai ni, ana cikin cin abinci, wani mutum mai furfura a gemu ya zo ya durƙusa a gabana. Ya ce shi ma ya yi aikin koyarwa har ya riƙe makaranta, bara ya yi ritaya. Hayaniya ta yi yawa, kunnena kuma ya tsufa, na karkata kai na tambaye shi abin da ya faɗa, da irin harshen da aka haife ni da shi. Ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yau ma an yafe mini shara ke nan."

Allah ya saka wa mutanen Guddiri da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma ba malamanmu haƙuri da ladan aikinsu, amin.